Haƙƙin Mallaka da Neman Izini Kafin a Ɗora Tsofaffin Takardu a Intanet: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Adana Tarihin Zangunan Kumasi

Waɗannan amsoshi na masu ɗaukar hoton tsofaffin takardu ne da masu juya kaset zuwa kwamfuta domin kafa laburaren intanet: ɗalibai, kwamitocin masallatai, da ƙungiyoyin matasa a Aboabo, Asawase, Sawaba, Tafo da sauran zanguna. Sun dogara ne a kan dokar haƙƙin mallaka ta Gana, wato Doka ta 690 ta shekarar 2005. Inda magana ta doshi kotu ko kuɗi mai nauyi, a tuntuɓi lauya.

Takardun nan kakanmu ne ya bar mana, suna cikin akwatinmu. Ashe ba mu ne masu haƙƙi ba?

Takardar taku ce, babu mai ja da ku. Amma abu biyu ne a nan, kuma yawancin rigima daga haɗa su take tasowa. Akwai jikin takardar: warƙa, tawada, tadarishi da gafakar da aka ajiye ta a ciki. Akwai kuma maganar da ke rubuce. Jikin na wanda ya gada ne ko ya saya. Maganar kuwa ta wanda ya tsara ta ce, bayan ransa ta koma ga magadansa har wa'adin doka ya cika.

Wasiƙa ce ta fi fito da wannan fili. A ce wani falken goro ya rubuto wa kakanku daga Kano a 1962, wasiƙar ta kwana a akwatinku shekara sittin da ɗoriya. Kuna da ikon ajiye ta, ku hana kowa gani, ko ku sayar da ita. Ikon yaɗa abin da ke cikinta kuwa yana hannun mutumin Kano ko 'ya'yansa. Haka littafin da kakanku ya kwafa da hannunsa daga wani malami: wahalar rubutun tasa ce, maganar ta malamin ce.

Saboda haka mai laburare yana neman yarda biyu, wani lokaci uku: ta mai riƙe da kayan, ta mai haƙƙin maganar, da ta mutanen da aka ambaci sirrinsu a ciki.

Shekara nawa haƙƙin yake ɗauka, kuma yaya ake lissafawa?

Idan an san marubucin, tsawon ransa ne da shekara 70 bayan rasuwarsa. Idan mutum biyu ko fiye suka haɗa aikin, daga rasuwar na ƙarshensu ake fara ƙidaya. Aikin da kamfani ko hukuma ta mallaka shekara 70 ne daga yin sa ko daga fara wallafa shi, a ɗauki wanda ya zo daga baya. Wanda ba a san marubucinsa ba shi ma 70 ne a kan irin wannan lissafi. Tsohuwar dokar 1985 shekara 50 ta bayar, kuma har yanzu akwai masu lissafi da ita a ka. A kiyaye.

Misali biyu sun isa. Alhaji Umaru na Karaci (garin Kete Krachi a Gana), malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934. Ko da wace doka aka auna, wa'adin waƙoƙinsa na Hausa da na Larabci ya cika. Malamin da ya rasu a 1975 kuwa sai 2045, ko da takardarsa ta fi ta Alhaji Umaru yin ja da cin gara. Tsufan takarda ba hujja ba ce.

A rubutun hannu, inda ake yawan zamewa shi ne shafin ƙarshe. Bayan "tammat", kalmar Larabci da ke nuna littafi ya ƙare, za ka ga suna, wani lokaci da shekara. Sau da yawa wannan sunan mai kwafa ne, shekarar kuma ta gama kwafar ce. Sunan mawallafi a farkon littafi ake nemansa, bayan bisimilla, inda yake cewa bawan Allah wane ɗan wane ya ce. Idan shekarar ta Hijira ce, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622: 1350 za ta ba da kimanin 1931. Kuskuren shekara ɗaya na iya shiga, don haka duk abin da ya faɗo daf da iyaka a ɗauke shi a matsayin wanda bai fita ba tukuna.

Sai sharhin gefe. Littafin fiƙihu na iya kai ɗaruruwan shekaru, amma bayanin ajami da wani malami ya yi a gefen shafi da tsakanin layuka a shekarun 1960 nasa ne, yana da wa'adinsa daban. Shafi ɗaya, masu haƙƙi biyu.

To idan wa'adin ya cika, shi ke nan, sai a ɗora?

Kusan haka, da sharuɗɗa. Na farko, a dokar Gana haƙƙin a ambaci sunan marubuci da haƙƙin kada a gurɓata aikinsa ba sa ƙarewa. Ko bayan shekara ɗari biyu, ba a cire sunan mai waƙa ko a yanke baitocinsa yadda ma'ana za ta juya. Na biyu, mai riƙe da takardar yana iya ƙin buɗe gafakarsa, kuma babu dokar da za ta tilasta shi. Na uku, sabuwar fassara, ko juyawa zuwa boko mai ɗauke da gabatarwa da bayanai, aiki ne sabo mai nasa haƙƙi, ko da asalin ya daɗe da fita. Dokar kuma ta ba Minista damar ƙayyade kuɗin da za a biya kan amfani da aikin da wa'adinsa ya cika, don haka mai niyyar bugawa ya sayar ya fara tambaya a Ofishin Haƙƙin Mallaka da ke Accra.

Wasu kan tambaya ko hoton da suka ɗauka na tsohon shafi ya ba su sabon haƙƙi a kansa. Shawararmu kada ku yi wannan da'awa. Hoton da burinsa shi ne ya fito da shafi daidai yadda yake bai ƙirƙiri komai ba. Ku nemi a ambaci laburarenku, wannan ya isa.

An ce doka ta ba laburare damar kwafa ba tare da izini ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma ƙofar ƙarama ce. Sashe na 21 na dokar 2005 ya yarda laburare ko gidan adana tarihi da ba na neman riba ba ya yi kwafi ɗaya domin adana abin da ke neman lalacewa, ko domin maye gurbin wanda ya ɓace, idan ba a iya samun wani ta hanyar da ta dace. Ya kuma yarda a kwafa wa mai bincike maƙala ko ɗan gajeren yanki domin karatunsa. Babu inda ya ce a baza wa duniya.

Shi ya sa muke cewa a raba adanawa da wallafawa tun ranar farko, a kasa kowane abu a ɗaya daga mataki uku. Akwai na ajiya kawai, wanda babu mai gani sai ma'aikacin da ke kula da shi. Akwai na ɗakin karatu, wanda ake kallo a kwamfutar laburare, ba a kwafa, ba a ɗauka da waya. Akwai kuma na kowa da kowa. Takardar da gara ta fara ci ba za ta jira a gama neman magada ba: da yardar mai riƙe da ita a ɗauki hotonta yau, a sa a mataki na farko, sannan a bi maganar izini a hankali.

Malam ya rasu, ya bar mata uku da 'ya'ya goma sha bakwai. Wa zai sa hannu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin lokaci, kuma ita aka fi yi wa gaggawa. Haƙƙin mallaka dukiya ce, ana gadonsa kamar gida ko shago, ta wasiyya ko ta rabon gado. Matsalar ita ce ranar rabo da wuya a tuna da shi. Littattafai sukan koma hannun ɗan da ya gaji makaranta ko babban wa, kowa ya ɗauka an gama. Alhali akwatin kawai ya karɓa, haƙƙin yana nan a tsakanin magada duka.

Idan akwai wanda kotu ta ba takardar kula da gado, shi ne farkon wanda za a nema, kuma a ajiye kwafin takardar. A yawancin gidaje babu ita. A nan sai a nemi zama da iyali, a samu wakili daga kowane ɗaki, a rubuta cewa sun amince wane ya sa hannu a madadinsu, su ma su sa nasu a ƙasa. Kada a tsallake mata. Hajiya uwargida da 'ya'ya mata magada ne, kuma sau da yawa su suka san wace waƙa Malam ya yi da kansa, wacce kuma ya karɓo daga wani. Yarjejeniyar da aka ƙulla a zaure, cikin gida bai sani ba, ita ce ke warwarewa bayan wata shida.

'Ya'yan da ke Jamus, Italiya ko Amurka a aika musu takardar, su sa hannu su maido da hotonta. Saƙon murya na WhatsApp mai cewa "ba komai, ku ci gaba" a ajiye shi a matsayin ƙarin shaida, kada a tsaya a kansa.

Sarkin Zango da liman shaidu ne masu daraja, zamansu a wurin yana kwantar da hankalin iyali. Amma ba za su bayar da abin da ba nasu ba. Kuma a lura da kunya: dattijuwar da ta ce to a gaban Sarki, a koma a sake tambayarta ita kaɗai tare da 'yarta.

Me takardar izini za ta ƙunsa?

Shafi ɗaya ko biyu, cikin Hausa da Turanci, kwafi biyu: ɗaya na iyali, ɗaya na laburare. Ta fara da bayyana kayan dalla-dalla, misali gafaka ɗaya mai warƙa 214, kaset 36, hoto 58, kowanne da lambar da aka ba shi. A ƙidaya warƙoƙi a gaban mai su ranar karɓa da ranar mayarwa, domin rubutun hannu na wannan yanki ba a ɗinke yake ba, kuma zargin ɓatan warƙa ɗaya ya isa ya rufe muku ƙofofin unguwa baki ɗaya.

Sannan ta faɗi abin da aka yarda a yi, kowanne da gurbinsa na e ko a'a: ɗaukar hoto domin ajiya, nunawa a ɗakin karatu, ɗorawa a intanet, barin mutane su sauke, juyawa zuwa boko ko fassarawa, ba wata cibiya kwafi, amfani na kasuwanci. Mai cewa e ga na farko bai ce e ga na ƙarshe ba. A rubuta sunan da iyali suke so a ambata, ranar da za a mayar da kayan, kwafin da za a ba su, da hanyar da za su bi idan suna son a sauke wani abu.

Abin da laburare yake buƙata lasisi ne kawai, wanda bai hana iyali ba wani izini gobe ba. Kada ku nemi a sallama muku haƙƙin ɗungurungum. Doka ta ce irin wannan sallamawa sai a rubuce da sa hannun mai haƙƙi, amma ko ta inganta, ba ku da buƙatarta, kuma tana sa mutane su ji kamar an yi musu wayo.

Akwai wani abu da ake mantawa. Dattijon da ya ƙware a Larabci da ajami amma ba ya karanta Turanci, ko mai dangwala yatsa, dokar Gana ta kare marasa karatu, wadda take nan tun 1912, ta buƙaci a karanta masa takardar, a fassara masa da harshen da yake ji. A ƙasan takardar a rubuta cewa wane ya karanta ya fassara da Hausa, mai sa hannu ya nuna ya fahimta kafin ya dangwala, mai fassarar ya sa sunansa da hannunsa. Rashin wannan layi biyu na iya raunana takardar a gaban alƙali.

Mun yi iya ƙoƙarinmu, ba mu gano mai haƙƙin ba. Yaya za mu yi?

A fara rarrabewa. Aikin da tun asali babu sunan marubuci a kansa yana da lissafinsa na shekara 70 da aka ambata. Wanda aka san marubucinsa aka rasa magadansa kuwa yana nan da kariyarsa cif, kuma dokar 2005 ba ta buɗe wata hanya ta musamman ga irinsa ba. Duk wanda ya ɗora shi ya ɗauki kasada ne. Abin da ya rage shi ne a rage kasadar, a kuma iya nuna cewa an nema da gaske.

A buɗe wa kowane irin wannan abu takardar bincike, a rubuta rana, wanda aka tambaya da abin da ya ce. A tambayi dattawan masallacin unguwar da almajiran malamin. A yi cigiya bayan sallar Juma'a da a shirin Hausa na gidan rediyo. Idan littafi ne da aka buga, a tambayi maɗaba'ar da CopyGhana, ƙungiyar da ke kula da haƙƙin marubuta da masu buga littattafai. Idan waƙa ce, GHAMRO, ƙungiyar kula da haƙƙin mawaƙa. Idan fim ne, ARSOG, ƙungiyar kula da haƙƙin masu fim. A duba rijistar Ofishin Haƙƙin Mallaka, amma a sani cewa rijista ba sharaɗi ba ce a doka, rashin suna a can bai nuna komai ba. Bayan wata uku babu labari, sai kwamiti ya zauna. Tsohon abu da ba a taɓa sayarwa ba, babu sirrin kowa a ciki, ana iya ɗora ƙaramin hotonsa da sanarwar cewa ana neman mai shi. Abin da ke da kasuwa, kamar waƙar da har yanzu ake sa wa a biki, ya tsaya a ɗakin karatu.

Hoton situdiyo na kakarmu ranar aurenta: na mai hoto ne ko namu?

Dokar 2005, a sashe na 7, ta ce idan babu wata yarjejeniya daban, haƙƙin cin moriyar aiki yana komawa ga wanda ya ɗauki ma'aikaci ko ya ba da kwangilar aikin. Hoton da iyali suka biya aka ɗauka ya fi karkata gare su ke nan. Amma tsofaffin hotuna an ɗauke su ne a ƙarƙashin dokokin da suka gabata, shi ya sa mafi aminci a nemi yardar ɓangare biyu idan ana iya samun mai hoton ko 'ya'yansa, kuma a ambaci sunansa ko ta halin ƙaƙa. Kullum a ɗauki bayan hoton: hatimin situdiyo, kwanan wata da rubutun hannu duk a can suke.

Kaset ɗin tafsirin azumi da na waƙoƙi fa?

Kaset ɗaya, mutane da yawa. A tafsiri akwai malamin da ke fassara, akwai alaramma mai jan baƙi, akwai wanda ya kafa rikoda ya ɗauka, wataƙila da kwamitin masallacin da ya ɗauki nauyi. A waƙa akwai wanda ya tsara baitoci, mai rerawa, 'yan amshi, makaɗa, da wanda ya buga kaset ɗin ya sayar. Sautin da aka naɗa yana da shekara 70 daga fitar da shi, don haka kusan duk wani kaset da ke zango yana cikin wa'adi. Abin da aka naɗa daga shirin Hausa na GBC, gidan rediyon gwamnatin Gana, kuwa, gidan rediyon yana da haƙƙinsa a kai.

Cewa an yi wa'azi don Allah, kuma kowa ya kwafa a lokacin, bai sa ya zama na kowa a doka ba. Yawancin iyalai sukan yi murna da a yaɗa, tambayar ce kawai suke so a yi musu. A kuma saurari kaset daga farko har ƙarshe kafin a ɗora. A zamanin da muhawara ta yi zafi tsakanin malamai, an kama sunayen mutane a kan mumbari, wasunsu suna raye, 'ya'yansu kuma maƙwabta ne yanzu. Mai sake yaɗa ƙazafi shi ma yana iya amsa tambaya a kotu.

Tatsuniya, kirari da waƙar gargajiya ai ba su da mai su?

A Gana suna da shi. Dokar 2005 ta danƙa haƙƙin al'adun gargajiya ga Shugaban Ƙasa a matsayin amana domin jama'a, kuma ba ya ƙarewa. Har zanen kente da adinkra da ba a san mai su ba an ambata. Hukumar kula da al'adun gargajiya ta ƙasa ce ke ba da izini ta karɓi kuɗi idan amfanin ya wuce abin da doka ta yafe, musamman na kasuwanci. Laburaren da zai tara tatsuniyoyi ko waƙoƙin daka da na aure ya rubuta wa hukumar tun da wuri ya bayyana manufarsa, ya ajiye amsar. Tsohuwar da ta ba da tatsuniyar da bakinta ita ma a nemi yardarta a kan muryarta.

Akwai abin da bai kamata a ɗora ba ko da an samu izini?

Akwai, kuma a nan hankali ya fi doka aiki. Kundin malami yakan haɗa fiƙihu da waƙa da wasiƙu wuri ɗaya da laƙani, hatimi da fa'idojin da ba a ba kowa sai almajirin da aka yarda da shi. Jikan da ba ya karanta ajami na iya sa hannu a kan gafaka duka bai san abin da ke tsakiya ba. Aikin laburare ne ya samu mai karatu ya bi warƙa-warƙa, ya ware irin waɗannan, a koma a nuna wa iyali. Wasu za su ce a ajiye kada a nuna, wasu za su ce ko hoton kada a ɗauka. A bi abin da suka ce.

Sai bayanan mutane. Littafin ɗaurin aure na liman, rijistar makaranta, littafin bashi na ɗan kasuwa, takardun sulhun aure da rabon gado, wasiƙar neman maganin ciwo ko na haihuwa. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, Doka ta 843, ta tsaurara a kan abin da ya shafi lafiya, addini da ƙabila, kuma ta buƙaci mai tara bayanan mutane ya yi rijista da hukumar da ke kula da wannan. Takardun da suka taɓo asalin bauta, irin na zamanin kasuwar Salaga, suna iya tayar da abin da zuriya ta binne tun tuni. Hanyar da muke ba da shawara: babban kwafi, wato hoton asali da aka ɗauka, ya zauna cikakke a ajiya, a rufe sunaye a kwafin da za a nuna, ko a kulle takardar har shekara 100 daga haihuwar wanda aka ambata.

Takardun gwamnati da tsofaffin jaridu?

Dokoki, hukuncin kotu da rahotannin kwamitocin bincike da gwamnati ta wallafa, doka ta ware su domin amfanin jama'a. Fayilolin da ke PRAAD, hukumar adana takardun gwamnati mai hedikwata a Accra da reshe a Kumasi, akan buɗe su ne bayan shekara 30, amma damar karantawa daban take da damar wallafawa: a rubuta a nemi izini, a faɗi lambar fayil. Haka ake yi da gidan adana takardu na Manhyia, fadar Sarkin Asante, da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami na Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon.

Jarida kuwa a yi lissafinta fitowa-fitowa. Daily Graphic ta fara a 1950, don haka fitowar shekarun farko ta haura 70. Sai dai waƙa, zane ko maƙalar wanda ba ma'aikacin jaridar ba tana bin ran marubucinta.

Mu sa lasisin Creative Commons a kan komai?

A'a. Creative Commons lasisi ne da ake manna wa aiki domin kowa ya yi amfani da shi bisa wasu sharuɗɗa ba tare da ya nemi izini ba. Mai haƙƙi kaɗai ke iya sa shi, kuma ba a janye shi: wanda ya sauke a ƙarƙashinsa ya riga ya samu. A bayyana wa iyali wannan da Hausa ƙarara kafin su zaɓa. Alamar BY na nufin a ambaci mai shi, NC ban da kasuwanci, ND ban da sauyawa, wanda ke nufin har raba fassara ya hanu. Ga kayan iyali, BY-NC ya fi dacewa da abin da yawanci suke nufi. Abin da ba ku da tabbacin matsayinsa, ku rubuta haka a fili, kada ku manna masa lasisi.

Wata jami'a daga waje tana son haɗa gwiwa da mu. Me za mu duba?

Ku duba inda babban kwafi zai zauna, da wanda ke da ikon cewa a sauke. Shirin ceto takardu na Laburaren Birtaniya, wanda ya fara a 2004, ƙa'idarsa ita ce asalin takardu ba sa barin ƙasarsu kuma ana barin kwafi a gida. Kada ku karɓi abin da ya gaza haka. Ku tabbata izinin da iyali suka ba ku ya ambaci miƙa kwafi ga wata cibiya, in bai ambata ba ku koma. Ku kuma tuna Gana ta shiga yarjejeniyar Berne, ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka, a 1991, don haka littattafan da aka buga a Alƙahira, Beirut, Kano ko Zariya da ke cikin akwatin Malam suna da kariya a nan kamar na gida. A ware su, a rubuta sunayensu a jerin kayan, ba sai an ɗauki hotonsu ba.

Yaya za mu riƙe duk wannan kada ya rikice?

Da rijista ɗaya, ko a Excel ne. Kowane abu layi ɗaya: lambarsa, marubuci, shekarar rasuwa da inda aka samo ta, mai riƙe da kayan, mai haƙƙi, lambar takardar izini, matakin da aka sa shi, ranar da kulle zai buɗe, da sunan wanda ya yanke shawara. Lambar da ke kan fayil ita ce a rijista, ita ce a kan takardar izini. A ɗauki hoton takardun izinin a ajiye tare da manyan fayiloli, a wuri uku, ɗaya a wani gini daban. A manhajar laburaren intanet irin DSpace ko Omeka a cika gurbin haƙƙi na kowane abu, kada a bar shi fanko.

Abin da ya fi lalata aiki ba ya wuce biyu. Wanda ya karɓo izini ya bar aiki ko ya yi tafiya, takardun suna jakarsa. Ko kuma ɗan sa-kai ya ɗauki shafi da wayarsa ya tura wa abokai, kafin magariba ya zagaye zango, iyali su ji a bakin wasu. A hana waya a teburin ɗauka, kowane ma'aikaci kuma ya sa hannu a kan alkawarin riƙe amana.

Idan wani ya zo ya ce abin da muka ɗora nasa ne?

A ɓoye abin cikin kwana biyu, tun kafin a tantance gaskiyarsa. Ɓoyewa ba amsa laifi ba ce, kuma babban kwafi yana nan a ajiya. A nemi ya faɗi lambar abin, dangantakarsa da marubucin, da abin da yake so: saukewa, gyaran suna, ko rufe wani shafi. Sau da yawa gyaran suna ne kawai. A duba rijista, a kira wanda ya sa hannu tun farko, a ba da amsa a rubuce cikin wata ɗaya. Idan saɓanin na cikin gida ne tsakanin magada, laburare ba ya raba gardama: abin ya koma mataki na farko, a rubuta ranar a rijista, a jira har su kawo takarda ɗaya mai hannun kowane ɗaki.